Akwatin Tambayoyi: Wa Ke Gaba a Ƙidayar Daliget?

Wasiƙun wannan karon kusan hanya ɗaya suka bi. Da an fara ƙishin-ƙishin zaɓen fid da gwani a Amurka sai tambayoyi kan daliget, wato wakilan da ke tsayar wa jam'iyya ɗan takarar shugaban ƙasa a babban taronta, su yi ta shigowa, wasu ma cikin zafin rai, sai ka ce ni ke riƙe da kundin jam'iyya. Na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa na taƙaita su, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba. Yawancin misalan daga karawar Barack Obama da Hillary Clinton ta 2008 za su fito, domin ita na bi da biro da takarda tun daga fari har ƙarshe, kuma har yau ban ga wadda ta kai ta matsi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a rana guda sai ka ji wannan gidan rediyo ya ce wane yana da daliget kaza, ka buɗe wani shafin ka tarar da wata lamba daban. A 2008 har musu muka yi da wani abokina, shi ya ji Clinton ce a gaba, ni kuma na ji Obama ne. Wane ne ke shara mana ƙarya a cikin 'yan jaridan? *Daga wani malamin makaranta.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku daina musun, kai da abokin naka duk daidai kuka ji. A makon da ya biyo bayan Babbar Talata, 5 ga Fabrairu 2008, ranar da jihohi 22 suka yi zaɓen jam'iyyar Dimokurat a tare, in ka ƙirga daliget ɗin da aka ci da ƙuri'ar jama'a kaɗai, Obama ne a gaba da ɗan ƙaramin rata. In kuwa ka haɗa da manyan daliget, Clinton ce a gaba. Kowane gidan labarai ya ɗauki wanda ya ga dama ya sa a kanu.

Manyan daliget ɗin nan su ne gwamnonin jam'iyya, da sanatocinta, da 'yan majalisar wakilanta, da mambobin kwamitinta na ƙasa, da tsofaffin shugabannin ƙasa da mataimakansu. Ba wanda ya zaɓe su don su je taron. Muƙaminsu ne ya ba su kujera, kuma wanda suka ga dama shi suke bi. An ƙirƙiro su ne a 1982 bisa shawarar wani kwamiti da gwamnan Karolina ta Arewa na lokacin, Jim Hunt, ya jagoranta, aka fara aiki da su a 1984. A 2008 sun kai kusan 800, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na dukkan masu ƙuri'a a babban taro. To ta yaya ake ƙirga mutumin da bai jefa ƙuri'a ba tukuna? Da waya. Kamfanin dillancin labarai na AP yana da mutanen da aikinsu ke nan, su yi ta kiran manyan nan ɗaya bayan ɗaya suna tambayar inda suka karkata. Wani gidan kuma ba ya ƙirga mutum sai ya fito fili ya yi sanarwa. Wanda ya raɗa wa wakilin AP a waya cewa yana tare da wance ya shiga lissafin AP, amma bai shiga na ɗaya gidan ba. Daga nan lambobi suka fara rabuwa.

Abu na biyu shi ne jihohin da ke yin taron kokas maimakon jefa ƙuri'a a akwati. A tsarin Dimokurat na wancan lokaci, mutanen unguwa ke haɗuwa da dare a makaranta ko coci ko ɗakin taro, magoya bayan kowane ɗan takara su ware gefe guda a ƙirga su ido na ganin ido, kusan irin ƙato-bayan-ƙato. Amma abin da aka zaɓa a wannan daren wakilan da za su je taron gunduma ne kawai. Su kuma su zaɓi na taron mazaɓa da na jiha, sai a can ne ake fitar da ainihin daliget na ƙasa, bayan watanni. Saboda haka lambar da kake ji a daren kokas kirdado ne. Ɗauki Ayowa, 3 ga Janairu 2008. Kirdadon farko ya ba Obama 16, Clinton 15, John Edwards 14. Edwards ya janye a ƙarshen watan. Da aka zo tarukan gunduma a watan Maris, mutanensa da dama suka koma wajen Obama, lissafi ya zama 25, 14 da 6. Jiha ɗaya, ba a sake zaɓe ba, amma Obama ya ƙaru da tara. Wasu jaridun saboda gudun irin wannan ba sa saka daliget ɗin kokas a lissafinsu sam sai an gama matakan, sai ka ga jimillarsu ta yi ƙasa da ta kowa.

Wanda ya fi wannan ban mamaki ya faru ne a ɗaya jam'iyyar, ta Rifablikan, a Ayowar dai, a 2012. Daren zaɓe aka ce Mitt Romney ya ci da ratar ƙuri'a 8. Bayan sati biyu aka ce a'a, Rick Santorum ne da ratar ƙuri'a 34. Da aka je babban taro kuwa, 22 daga cikin daliget 28 na jihar Ron Paul suka zaɓa, mutumin da ya zo na uku, saboda yaransa su ne suka jure zaman tarukan da sauran suka gaji suka bari.

Akwai kuma jinkirin ƙidaya. Jiha irin Kalifoniya tana ɗaukar makonni tana ƙirga ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya, kuma kamar yadda za ka gani a amsa ta gaba, ƙuri'a kaɗan a mazaɓa guda na iya juya daliget ɗaya. Shawarata, duk lambar da ka ji, kafin ka ɗauke ta zuwa majalisa, ka duba ko da manyan daliget a ciki ko babu. Ni na ƙuri'ar jama'a nake fara dubawa.

Tambaya: Malam, don Allah a warware mini. An ce Clinton ta ci jihar Nebada da Tekzas a 2008, amma kuma Obama ya fi ta samun daliget a dukansu. In wannan ba maguɗi ba ne, to mene ne sunansa? *Daga wata ɗaliba mai karatun kimiyyar siyasa.*

Amsa: Malama, sunansa karanta doka kafin a shiga fili. Ƙa'idojin a rubuce suke tun kafin a fara, kuma ɓangarorin biyu duk suna da kwafi.

A jam'iyyar Dimokurat ba a ba wanda ya ci jiha duka daliget ɗinta. Rabawa ake yi gwargwadon ƙuri'a, da sharaɗin ɗan takara ya kai kashi 15 cikin 100. Wanda bai kai ba an zubar da ƙuri'unsa, a sake lissafi tsakanin waɗanda suka tsallake. Wannan kowa ya sani. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba, rabon ba a tukunya ɗaya ake yinsa ba. Mafi yawan daliget ɗin jiha a matakin mazaɓa ake raba su, kowace mazaɓa da ɗan adadinta, uku ko huɗu ko biyar ko shida, wani lokaci fiye. Ragowar ne ake rabawa bisa sakamakon jiha baki ɗaya.

Yanzu ki ɗauko biro. A ce 'yan takara biyu ne, mazaɓa kuma tana da daliget 4. Kin samu kashi 60, abokin karawarki ya samu 40. Kin lallasa shi, ko ba haka ba? To 60 cikin 100 na 4 shi ne 2.4, nasa kuma 1.6. In aka daidaita zuwa cikakkiyar lamba, ke 2 shi 2. Ba ki ƙaru da komai ba. Kafin ki ɗauki 3 ki bar masa 1 sai kin haura kashi 62.5. A mazaɓa mai 6, kafin 3 da 3 ya koma 4 da 2 sai kin wuce kashi 58.3. Amma mazaɓa mai 3 ko mai 5, ko da ƙuri'a ɗaya tal kika fi shi, kin tafi da 2 da 1, ko 3 da 2. Ashe ke nan nasara da ƙyar a mazaɓa mai mara ta fi nasarar kashi 60 a mazaɓa mai 4 amfani. Ofishin yaƙin neman zaɓen da ya san aikinsa yana da taswirar da aka yi wa kowace mazaɓa alama, cika ce ko mara ce, kuma da ita ake yanke inda za a kashe kuɗin talla da inda ɗan takara zai sauka.

Abin da ya faru a Nebada ke nan ranar 19 ga Janairu. Clinton ta yi rinjaye a yankin Las Begas, inda jama'a suka fi yawa, amma manyan mazaɓun wurin masu cika ne, sai aka raba daidai. Obama ya yi rinjaye a arewacin jihar da karkara, inda adadin mara ne. Da dare ya yi ita ce a talabijin tana godiya, shi kuma lissafi ya ba shi 13, ita 12.

Tekzas labarinta ya fi tsawo. Jihar a wancan lokaci zaɓe biyu take yi a rana ɗaya, da rana a jefa ƙuri'a a akwati don raba daliget 126, da dare kuma a dawo kokas don raba 67. Ranar 4 ga Maris Clinton ta ci na akwati, ta samu 65, Obama 61. Ratar ta yi ƙanƙanta haka ne saboda yawan daliget ɗin kowace mazaɓa ya dogara da yawan ƙuri'un da ta ba jam'iyya a zaɓukan baya. Birane irin Ostin da Hustan, inda Obama ke da ƙarfi, sun fi kudancin jihar na bakin iyakar Meziko kaso, can kuwa nan ne gidan Clinton. A kokas na dare Obama ya ɗauki 38, ita 29. Jimilla 99 da 94.

Misalin da na fi so shi ne na Babbar Talata. Clinton ta ci Niyu Jasi, jiha mai mutum miliyan takwas da ɗoriya da daliget 107. Ta samu 59, Obama 48, ribarta 11. A ranar dai Obama ya ci kokas ɗin Aidaho, jihar da ba ta taɓa jan hankalin manyan jaridu ba, mai daliget 18 kacal. Ya samu 15, ita 3, ribarsa 12. Duk kuɗin da aka zuba a Niyu Jasi, inda talla sai ta gidajen talabijin na Niyok da Filadelfiya masu ɗan karen tsada, Aidaho ta shafe shi har da ƙarin ɗaya. Mutanen Clinton sun zuba ido kan manyan jihohi suka bar ƙananan da ke yin kokas kusan ba mai gadi. Mutanen Obama, ƙarƙashin manajan yaƙin neman zaɓensa David Plouffe, sun buɗe ofisoshi a can tun da wuri. A ganina a nan aka ci wannan takarar, sauran watanni huɗun da suka biyo baya jan rai ne.

Ko tsarin yana da adalci, wannan wata magana ce, kuma ina da ƙorafi a kan kokas. Mai aikin dare da mai jego da tsoho mara lafiya ba za su iya zuwa su tsaya awa biyu a ɗakin taro ba. Jam'iyyar ma ta gane haka, shi ya sa zuwa 2020 yawancin jihohin suka watsar da shi suka koma akwati, ita ma Tekzas ta daina zaɓe biyun.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai son bin abin ne da kaina, ba na son jiran masu sharhi. Wace hanya zan bi in riƙa lissafi? Kuma ai Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, to me ya sa ake cewa takara ta ƙare alhali saura jihohi da yawa? *Daga wani akanta mai ritaya.*

Amsa: Alhaji, aikin ya zo hannun masu shi. Littafi ɗaya ya ishe ka, ko shafin lissafi a kwamfuta. Kowace jiha layi guda: ranar zaɓe, yawan daliget ɗinta na ƙuri'a, abin da kowane ɗan takara ya samu, sai wani gurbi na waɗanda ba a riga an raba ba. Wannan gurbin na ƙarshe kada ka raina shi, don in jimillar layi ba ta yi daidai da adadin jiha ba, to a nan gyara zai fito. Jihohin kokas ka rubuta su da fensir. Manyan daliget kuma ka ba su shafinsu daban, kada su taɓa haɗuwa da sauran.

Daga nan lamba biyu kawai za ka riƙa fitarwa bayan kowane zaɓe. Ta farko rata, wato na gaba ya fi na baya da nawa. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, kashi nawa na ragowar daliget kowannensu yake buƙata. Ka ɗebe abin da yake da shi daga adadin da ake nema, ka raba da abin da ya rage a fili.

Bari in ƙirƙiro misali da lambobi masu sauƙi. A ce daliget 4,000 ne, ana neman 2,001. Na gaba yana da 1,100, na baya 950, saura 1,950. Na baya yana neman 1,051, wato kusan kashi 54 na ragowar. Abu ne mai yiwuwa. Aka yi zaɓukan wata guda, aka raba 1,000 daidai wa daida, 500 da 500. Masu sharhi za su ce an yi canjaras, ba abin da ya sauya. Kai kuwa littafinka zai nuna maka 1,600 da 1,450, saura 950, na baya yana neman 551, kashi 58 ke nan. Sai kuma ya yi abin kirki, a cikin 500 na gaba ya ɗauki 270 ya bar wa abokin karawarsa 230. Jaridu za su cika da labarin ya farfaɗo. Duba littafi: 1,830 da 1,720, saura 450, yana neman 281, sama da kashi 62. Ya ci zaɓe, amma nauyin da ke kansa ƙaruwa ya yi, saboda filin da zai rama a ciki yana ta tsukewa.

Amsar karin maganarka ke nan, Alhaji. A wannan tsarin ana sanin macin tuwon da sauran miya a kwano. Bayan Babbar Talata Obama ya ci zaɓe 11 a jere a cikin Fabrairu, da yawansu da babbar tazara, ratarsa a daliget na ƙuri'a ta haura 100. Daga nan Clinton ta ci Ohayo, ta ci Fensilbaniya ranar 22 ga Afrilu da kusan maki tara, amma rabon ya tsaya 85 da 73, ribar 12. A Bajiniya ta Yamma ta ninka shi fiye da sau biyu a ƙuri'a, rabon ya zama 20 da 8, ribar 12 kuma. Nasarori ne na gaske, kuma ba wanda zai ce matar ba ta yi jarunta ba, sai dai da sha biyu-sha biyu ba a cike ramin da ya wuce ɗari ana saura jihohi 'yan kaɗan.

Abu ɗaya da zai ba akanta haushi: shi kansa adadin da ake nema ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2008 an daɗe ana cewa 2,025. Amma duk sanda babban daliget ya rasu ko ya sauka daga muƙami, ko jam'iyya ta ci zaɓen cike gurbi a majalisa, jimilla ta motsa. Da Eliot Spitzer ya yi murabus daga gwamnan Niyok a watan Maris, ƙuri'arsa ta tafi da kujerar, kuma ta Clinton ce. Babbar girgizar kuwa daga Mishigan da Fulorida ta zo. Jihohin biyu sun matso da zaɓensu zuwa Janairu ba da izinin uwar jam'iyya ba, aka ƙwace musu daliget ɗinsu kaf. A Mishigan sunan Obama ma ba ya kan takardar ƙuri'a. Ranar 31 ga Mayu kwamitin dokokin jam'iyya ya zauna a Washintan, cikin ihun magoya baya, ya mayar musu da kujerunsu da rabin ƙuri'a kowanne. Adadin da ake nema ya tashi zuwa 2,118. Obama ya haye shi ranar 3 ga Yuni, daren zaɓukan ƙarshe na Montana da Dakota ta Kudu, bayan manyan daliget sun yi ta kwararowa wajensa a yinin. Clinton ta janye ranar 7 ga watan.

Tambaya: Malam, ita ma jam'iyyar Rifablikan haka take yi? *Daga wani direba.*

Amsa: A'a, ɗan'uwa, su kowace jiha da nata salon, kuma bin lissafinsu ya fi cin rai. Wasu jihohin suna rabawa gwargwadon ƙuri'a, wasu kuma wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe duka ko da bai kai rabi ba, wasu suna yin kwashe-dukan ne mazaɓa-mazaɓa. A 2016 daliget 2,472 ne, ana neman 1,237. Donald Trump ya samu ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un Karolina ta Kudu, amma ya tafi da daliget 50 ɗinta gaba ɗaya. Ranar 15 ga Maris ya kwashe 99 na Fulorida, John Kasich ya kwashe 66 na jiharsa Ohayo. A Kolarado ba a yi zaɓen jama'a kan 'yan takara ba sam, a tarukan jam'iyya Ted Cruz ya tattara 34. Fensilbaniya kuma ta aika 54 daga cikin 71 nata a matsayin 'yan ba-ruwanmu, an zaɓe su da sunayensu ba tare da an ɗaure su da kowa ba.

Don haka lissafin kashi nawa ya rage da na koya wa Alhaji a sama, a wannan jam'iyyar sai an yi shi da taka-tsantsan. Wanda ke baya da 90 zai iya rama su a dare ɗaya in babbar jihar kwashe-duka na gabansa. Kafin ka rubuta lamba, ka rubuta dokar jihar a gefen sunanta.

Tambaya: Gafarta Malam, shin daliget zai iya cin amanar wanda aka tura shi ya zaɓa? Kuma ina daliget ɗin wanda ya janye suke tafiya? *Daga wata 'yar kasuwa.*

Amsa: Hajiya, ya danganta da jam'iyya da kuma jiha. A Rifablikan yawancinsu a ɗaure suke a zagayen farko, ko sun so ko sun ƙi sakataren taro zai rubuta ƙuri'arsu ga wanda jiharsu ta zaɓa. In aka shiga zagaye na biyu ko na uku sai igiya ta fara kwancewa, kowace jiha da lokacinta. Abin da Cruz ya yi ta yi wa tanadi ke nan a 2016, yana cusa mutanensa a kujerun da dole su zaɓi Trump a zagayen farko, da fatan za a kai na biyu. Ba a kai ba, ya janye ranar 3 ga Mayu bayan ya sha kaye a Indiyana.

A Dimokurat babu ɗauri irin wannan. An taɓa yi, a 1980, lokacin da Ted Kennedy ya nemi a saki daliget ɗin Jimmy Carter a taron Niyok, aka ƙi. Bayan shekara biyu aka sassauta dokar, ta koma cewa daliget ya bi ra'ayin waɗanda suka zaɓe shi bisa gaskiyar zuciyarsa. Abin da ke hana cin amana shi ne ɗan takara yana da ikon tantance sunayen waɗanda za su wakilce shi, kuma ba ya tura kowa sai 'yan gani-kashe-ni. Wannan sassaucin ne ya yi aiki a 2024. Joe Biden ya janye ranar 21 ga Yuli yana riƙe da kusan dukkan daliget, bai kuma da ikon ya miƙa su ga kowa kamar kayan gado. Ya dai nuna Kamala Harris, su kuma suka bi da kansu. Haka abin yake ga duk wanda ya janye: yana iya roƙon mutanensa, ba ya iya tilasta musu.

Masu sauya sheƙa da gaske manyan daliget ne. John Lewis, ɗan majalisa daga Jojiya kuma tsohon gwarzon fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, yana tare da Clinton tun farko. Da mazaɓarsa ta zaɓi Obama da gagarumin rinjaye, a ƙarshen Fabrairu 2008 ya koma. Clinton ta fara shekarar da babbar rata a cikin manyan nan, zuwa Mayu Obama ya wuce ta. Ni ban taɓa ganin sun juya wa wanda ya fi daliget na ƙuri'a baya ba, bin iska suke yi. Amma sunansu ya ɓaci a 2016, musamman da AP ta ayyana Clinton a matsayin wadda ta kai adadi ranar 6 ga Yuni, ana gobe zaɓen Kalifoniya, bisa kiran wayar da ta yi musu. Magoya bayan abokin karawarta Bernie Sanders ba su yafe ba. A Agustan 2018 jam'iyya ta hana manyan daliget ƙuri'a mai tasiri a zagayen farko. Shi ya sa a 2020 adadin da ake nema ya zama 1,991, daga na ƙuri'ar jama'a zalla.

In kina son ganin zawarcin daliget na gaske, sai ki koma 1976 a Rifablikan. Shugaba Gerald Ford da Ronald Reagan sun gama zaɓukan jihohi ba wanda ya kai 1,130 da ake nema. 'Yan ba-ruwanmu suka zama 'yan lele, Ford yana gayyatarsu Fadar Shugaban Ƙasa. Reagan ya yi caca, ya sanar da Sanata Richard Schweiker na Fensilbaniya a matsayin mataimakinsa tun kafin taro don ya jawo daliget ɗin jihar, sai abin ya fusata masu ra'ayin riƙau na Kudu, ya rasa Misisifi. A birnin Kansas aka ƙirga, Ford 1,187, Reagan 1,070.

Tambaya: In ba wanda ya kai adadin fa? *Daga masu karatu da dama.*

Amsa: Sai a yi ta zagaye har wani ya kai, ana ciniki a tsakani. Duk shekarar zaɓe sai masu sharhi sun yi ta kwaɗayin hakan, amma rabon da a wuce zagayen farko tun 1952 a Dimokurat, lokacin da Adlai Stevenson ya fito a zagaye na uku, a Rifablikan kuma tun 1948 da Thomas Dewey. Mafi muni shi ne na 1924 a Niyok, inda Dimokurat suka yi zagaye 103 kafin su tsayar da John W. Davis, ya je ya sha kaye a babban zaɓe.

Tambaya: Malam, na ga an rubuta wani ɗan takara yana da daliget 4.5. Rabin mutum kuma? Ko kuskuren ɗab'i ne? *Daga wani ɗan sakandare.*

Amsa: Yaro, ba a tsaga kowa biyu ba. Ƙuri'ar ce rabi, mutumin cikakke ne. Jam'iyya takan ba ƙananan wurare damar tura mutum biyu su riƙe ƙuri'a ɗaya, don mutane da yawa su samu zuwa taro. Lambar da ka gani ta 'yan Dimokurat mazauna ƙasashen waje ce a 2008, Obama 4.5, Clinton 2.5. Tsibirin Guwam ma haka ya yi a shekarar, mutum takwas da ƙuri'a huɗu, kuma Obama ya ci zaɓen wurin da ratar ƙuri'a 7 kacal, aka raba 2 da 2. Wani lokacin kuma rabin horo ne, kamar yadda aka yi wa Mishigan, inda aka ba Clinton mutum 69 da Obama 59, a lissafi suka zama 34.5 da 29.5. In kana rubutawa a littafinka ka bar rabin yadda yake, kada ka cike shi, in ba haka ba jimillarka ba za ta taɓa haɗuwa da ta jam'iyya ba. Su Mishigan da Fulorida dai horon bai daɗe ba. A farkon watan Agusta, da Obama ya tabbatar ba abin da zai sauya, shi da kansa ya nemi a mayar musu da cikakkiyar ƙuri'a, aka kuwa mayar ana gobe buɗe babban taro a Denba.